Abin da Na Dama wa Mairi a Fura

Na gode wa Allah da ya bar mini matata da rai, ko da yake har yau ba ta dawo ɗakinta ba. Ni tela ne a Birnin Ƙonni, shagona na bakin kasuwa. Na rubuta wannan ne saboda maza 'yan'uwana, musamman masu son matansu irin son da na koya a littafi.

Tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake karanta littattafan soyayya da direbobi ke kawowa daga Sakkwato. Da na bar karatu na kama keken ɗinki, ban bar su ba. A cikinsu na koyi Hausar da nake rubutu da ita, a cikinsu kuma na koyi yadda matar da ake so take zama. Kullum cikakkiya ce, kumatu sun taso, wuya ya yi guru, idan ta taka ƙasa ta san an taka ta. Mijinta kuwa shi ke ba ta abinci a baki.

Matata Mairi 'yar Bazaga ce, doguwa, siririya, mai saurin dariya. Na so ta kira ni da irin sunayen da ake kiran maza a littafi, ta ce bakinta ba zai iya ba, ta tsaya a kan Malam. Shekararmu huɗu da aure, muna da 'ya ɗaya, Nana. Bayan ta yaye Nana sai ta ƙara zubewa. Lafiyarta ƙalau, tana daka, tana ɗebo ruwa, sai dai ƙashin wuyanta ya fito.

Da ƙaramar Salla muka je Bazaga gaisuwa. Ina tsugune a bakin zaure, kaina a ƙasa, na ji surukata, wadda kowa ke kira Inna, tana magana da ƙarfi don ta kai kunnena.

"Ke Mairi, hatsi ya ƙare Ƙonni ne? Ko ko zare kuke ci gidan tela?"

Matan gidan suka yi dariya, har da Mairi. Ni ban yi ba. A hanyar dawowa na ce mata akwai ƙwayar da amare ke sha su cika, me zai hana ta gwada.

"Malam, ni haka nike tun ina yarinya," in ji ta. "Mu duk gidanmu kara-kara muke. In mai ƙiba kake so, ga turmi nan tsakar gida, ɗinka mishi atamfa."

Na ji ta sarai, ta ce ba ta so. Ina so wannan ya zauna a zuciyar mai karatu, don kada daga baya ya ce ban sani ba.

Akwai wani mai tiren magani da ke hutawa a inuwar shagona kullum da azahar. Shi ya zaro mini ƙwayar amaren, 'yan ƙanana farare, kuɗin katin bai kai na goron wuni ba. Sha-ka-fashe ake ce mata.

"Tela, wata guda, ko kai ba ka gane ta," ya ce.

Ina da al'adar sayo fura da nono wurin wata Bafillatana idan na rufe shago, in dama wa Mairi da hannuna kamar yadda na karanta. Maƙwabta har suna yi mini ba'a da mijin-ta-ce. Sai na fara niƙa ƙwaya biyu da bayan cokali a shago, in ƙulle garin a takarda, in zuba a ƙwarya in ƙara sukari ya danne ɗacin. Tana sha tana sa mini albarka.

Abin ya ci. Ta fara cin abinci kamar mai noma. Fuska ta cika ta yi da'ira, ciki da ƙeya suka taso. Ina gwada ta da tef ɗina, in rubuta awon da alli a bangon shago, layi bisa layi. Mata a gidan biki suna tambayarta sirrin, tana cewa hankali kwance ne. Ni kuwa ina ganin na shiga littafi da ƙafata. Ban kula cewa ƙafafunta sun sirance ba, ban kula da jajayen layukan da suka fito mata a ciki ba, ko yadda ƙurji ƙarami ke daɗewa bai warke ba. Wata bakwai muka yi a haka.

Tari ya fara mata ne a ƙarshen damina. Makon farko muka ce sanyi ne, ta sha citta da kanumfari. Mako na biyu na kai ta ƙaramin asibitin unguwa, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya rubuta maganin tari da wasu ƙwayoyi na kwana biyar, muka saya, ba abin da ya sauya. Jikinta ba ya zafi sosai, shi ya sa ba wanda ya tsorata. Daga baya na ji cewa ƙwayar tawa ce ke ɓoye zazzaɓin.

Mako na huɗu ta daina son abinci, tana tashi da safe zanenta jiƙe da zufa. Awon bango ya fara komawa baya. A nan na yi abin da har yanzu idan na tuna sai hannuna ya tsaya a kan keke. Na ga tana ramewa, sai na mayar da ƙwayar huɗu.

Dangi kowa da nasa. Yayana ya ce baki ne, ta yi kyau da yawa mutane sun yi ta magana, aka karɓo rubutu da turare. Na karɓi wannan magana hannu bibbiyu, don ta wanke ni. Inna ta aiko da sassaƙe daga Bazaga. Wata gwaggona ta ce nonon raƙumi, na bi Buzaye har bayan gari na samo. Mako na shida, da safe, Mairi ta yi tari a kan farin mayafinta, muka ga jini.

Babban asibiti, ka zo da asuba ka tarar da layi ya riga ka. Wuni guda muka yi kafin mu ga fuskar lokotoro, wato likita. Mace ce, gajera, mai tabarau, ba ta da lokacin gaisuwa mai tsawo. Ta sa a yi gwajin majina, da hoton ƙirji, da gwajin jini. Hoton kaɗai ya cinye ɗinkin mako guda. Da sakamako ya fito ta ce tarin fuka ne, ya ci huhu biyu, maganinsa kyauta ne, wata shida ba fashi. Ta ce a gwada ni da Nana. Ta ce kuma a yi mana gwajin sida, wato ƙanjamau, mu biyu, don irin yadda ciwon ya bazu ba ya yin haka ga mai ƙarfin jiki. Gwajin ya fito ba komai. Amma wani ya gan mu a ƙofar ɗakin gwajin, kafin mako ya zagayo rabin matan da ke kawo mini ɗinki sun koma shagon gaba.

Lokotoro ta daɗe tana duban fuskar Mairi. Ta ɗaga rigarta ta ga layukan ciki, ta danna ƙwaurinta.

"Wace ƙwaya kike sha?"

"Ba ni shan komi, sai wanda majo ya rubuta."

"Ta ƙiba nake nufi. Wagga fuska ba tuwo ya yi ta ba."

"Wallahi ban taɓa sha ba."

"Duk haka kuke cewa. Ki yi mini ƙarya, jikinki ba ya yi mini. Ku mata kuna kashe kanku don a ce kun yi kyau, sa'an nan ku zo nan kuna rantsuwa."

Akwai majinyata da masu jinya cike da ɗakin. Mairi ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Lokotoro ta juyo gare ni ta ce, "Kai maigida, ba ka taɓa ganin ta da ita ba?" Na ce ban taɓa gani ba. A littafi, a irin wannan wuri ne namiji ke tsayawa ya ce ni ne. Ni na duba ƙasa na ce ban taɓa gani ba.

Aka ba ta gado a ɗakin baya, inda ake ajiye masu tari. Ina komawa gida na kwashe sauran katin na zuba a masai. Na ce shi ke nan, na tuba, ba wanda zai sani, maganin asibiti zai gyara abin da na ɓata.

Kwana uku da daina furar, Mairi ta fara amai. Rana ta huɗu ba ta iya ɗaga kai. Inna ta zo daga Bazaga ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon. Da hantsin rana ta biyar Mairi ta ce za ta zaga, muka kama ta, sai ta sulale a hannunmu kamar tsumma. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka auna jini ya yi ƙasa ƙwarai. Na ji lokotoro tana ce wa majon ɗakin, in dai tana shan abin nan ta daina farat ɗaya, to shi ne wannan, amma yarinya ta ƙi faɗin gaskiya, ba ta san me ta sha ba, ba ta san nawa ba.

Na bi ta har ofishinta. Na faɗa mata komai, da sunan ƙwayar, da yawanta, da watannin, da masai. Ta fita da sauri, na ji tana ba da umarni. Abin da aka ɗura wa Mairi a jijiya ɗan'uwan ƙwayar nan tawa ne. Ashe idan jiki ya daɗe yana samunta daga waje, sai ya daina yin tasa irin da Allah ya halitta masa, idan ka yanke masa rana ɗaya sai ya faɗi. Dole a mayar masa, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Da na yi shirun kwana ɗaya a kan wanda na yi, da gawa muka ɗauka.

Washegari lokotoro ta kira ni. Ta juya bayan wata takardar magani ta zana da'ira babba, da ɗigo a cikinta.

"Wannan babbar sunanta makrofaj," ta ce. "Aikinta haɗiya. Duk ƙwayar cutar da ta shigo huhu, ita ke haɗiye ta. To ƙwayar tarin fuka tana da wayo. An haɗiye ta, amma ba ta mutuwa, sai ta zauna a ciki tana hayayyafa, kamar ƙwaro cikin wake. Ka gane?"

Na ce na gane.

Ta zana wata ƙaramar da'ira a gefe. "Wannan limfosit T. Ita ba ta haɗiyar komi. Babbar ce ke fito da ɗan guntun abin da ta haɗiye bakin ƙofa, ta nuna. Ƙaramar ta zo ta duba, in ta gane shi sai ta manne mata, ta ba ta saƙo. Saƙon nan shi ke hura wutar cikin babbar, ta narkar da abin da ta haɗiye. Wanda ya gagara kuma su taru su yi masa katanga. Mutane da yawa a garin nan suna yawo da ƙwayar cikin katanga tun suna yara, har su tsufa ba su yi tari ba. Wataƙila matarka ma haka take." Ta dube ni ta saman tabarau. "An ce kai tela ne?"

"I."

"Keke na nan, allura na nan, zare na nan. In ƙafa ba ta taka ba fa?"

"Ba ɗinki."

"To ƙafar ka ɗaure. Wata bakwai kana sa ƙananan nan barci kowane marece. Masu haɗiya suna ta haɗiya, ba mai ce musu ku kashe. Katanga ta zube." Ta ninke takardar ta miƙo mini. "Na ce wa baiwar Allah maƙaryaciya gaban mutane. Zan ba ta haƙuri, amma ba zan iya ba sai ta san dalili. Ka faɗa mata yau, ko ni in faɗa gobe."

Bayan la'asar Inna ta tafi wanki bakin famfo. Mairi na jingine da filo, idonta ya faɗa. Na shirya kalmomi masu daɗi tun safe, irin na masu neman gafara a littafi, da na buɗe baki duk suka gudu. Na faɗa mata a bushe, kamar mai ba da awo. Ta saurara har na gama.

"Ranar da lokotoro tac ce mini maƙaryaciya," ta ce, "kana ciki ko kana waje?"

"Ina ciki."

"Ka ji ta?"

"Na ji."

Ta juya fuska bango. Can ta ce, "Kada ka hwaɗa ma Inna. Ba ni da ƙarhin raba faɗa."

Kwana ashirin da shida muka yi a asibiti. Ba zan manta alherin majon ɗakin baya ba, dattijo ne da ke zagayawa kowace safiya da butar ruwa, ba ya gusawa sai ya ga kowa ya haɗiye ƙwayoyinsa. Lokotoro ta cika alkawari, ta zo gaban mutanen ɗakin ta ce ta yi kuskure a kan Mairi, ba ta faɗi dalili ba. Bafillatanar da nake sayen fura wurinta ta ji labari, ta zo da ƙwaryar nono kyauta, tana cewa ai matar tela 'yar gida ce. Na karɓa na gode, ban iya duban idonta ba. Amma ina da ƙorafi kuma. Hoto da gwaji da ƙarin ruwa sun sa na sayar da keken zubin ado, na rage da na taka ɗaya. Famfon asibiti yana yin kwana biyu ba ruwa. Abin da ya fi ci mini rai, a bakin ƙofar asibitin nan, inda masu jinya ke sayen ƙosai, akwai mai tire, kuma da na leƙa na ga 'yan farare nan a sama, ba wanda ke ce masa kanzil.

Ni da Nana gwaji ya nuna ba mu kamu ba, aka dai ba ta maganin kariya. Muka dawo gida da jakar ƙwayoyi. Fitsarin Mairi ya koma ja kamar zoɓo, an riga an gaya mana kada mu tsorata. Gaɓoɓinta suna ciwo, wata biyu ba ta iya ɗaga tulu. Fuskar da na yi ta alfahari da ita ta sace a hankali, ta koma ƙasa da yadda take a da. Ni ke shara, ni ke wanki, ni ke kai ta awo kowane wata. Tana yi mini magana, ta gaishe ni, ta tambayi kasuwa. Dariyar ce ba ta dawo ba. Kuma duk abin da za ta sha, ita ke tashi ta ɗebo, ko da da rarrafe.

Inna kuwa ta ɗauke ni ta ɗora a kai. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ce, "Wanga yaro, ko uwa sai haka. Ni ban taɓa ganin namiji mai jinya irinai ba." Ta aiko mini da zakara, ta aiko da wake. Duk lokacin da take yabon, Mairi takan dube ni, kallo ɗaya, ta koma ga abin da take yi. Da zagi aka yi mini da ya fi sauƙi.

Wata shida suka cika, aka gwada majina aka ce ta fita. Huhu ɗaya ya yi tabo, ba za ta ƙara daka kamar da ba. Muka tafi Bazaga don a yi sadakar godiya. Lokacin ana shirin bikin ƙanwarta Ramatu, ni kuma aka ba ɗinkin kayan amarya. Bayan an ci an watse, aka kira ni tsakar gida in gwada ta. Mata na zaune a tabarma, Inna a bakin ɗakinta. Na ɗauki awo ina rubutawa, sai Inna ta ce wa Ramatu, don surukai ba sa magana kai tsaye:

"Ce mishi ya saki awon da yalwa. Kin hwara shan na amare, kahin biki kin cika."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da katin, ta miƙa wa Ramatu na ranar. Na tsaya da tef a hannu. Mairi na zaune a kan turmi, Nana a cinyarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ramatu, aje shi. Malam, hwaɗa musu."

Na faɗa. A tsaye, gaban surukata da matan gidansu, na faɗi furar, da bayan cokali, da watanni bakwai, da ranar da aka ce wa 'yarsu maƙaryaciya ina ciki. Na yi ƙoƙarin yi musu bayanin masu haɗiya da masu ba da saƙo, ban san ko sun gane ba. Abin da suka gane shi ne wanda ya dama. Ba wadda ta yi salati, ba wadda ta zage ni. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta karɓi katin daga hannun Ramatu, ta ce, "Mairi, ɗauki ɗiyarki ki shiga ɗaki."

Ramatu kwana biyar kawai ta yi tana sha, majon garinsu ya ce ta bari ba komai. Wadda ta daɗe a kai kuwa, kada ta yanke da kanta, kuma kada mijinta ya zuba a masai kamar ni. A je asibiti a faɗi gaskiya tun ranar farko, ko da za a ji kunya.

Da zan tafi Mairi ta rako ni har bakin hanya, tana tafiya tana hutawa. Na tambaye ta ko takarda take so.

"Da ita nike so da na hwaɗi," ta ce. "Ban ce har abada ba, ban ce gobe ba. Ka bari sai ranar da zan karɓi ruwa hannunka ban leƙa ciki ba."

Wata huɗu ke nan. Kowace Juma'a bayan masallaci nakan hau babur in je Bazaga. Inna tana amsa gaisuwata daga cikin ɗaki. Juma'ar da ta wuce na kai lemo, na zauna a zaure na fito da wuƙa zan fere wa Mairi. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni shi da ɓawonai."